Ungozoma Ɗaya Tak a Jadawali na Shida

Shafi na 17

Masu cewa Akawu ya cuci yayarsa, da masu cewa ba shi da laifi, duk na karanta saƙonninku. Ni kaina ban gama yanke hukunci ba. Ga abin da ya faru ranar Talata.

*

Ƙarfe goma da 'yan mintuna Kashi Ɗari ya ajiye daftarin rahoton a kan teburin Akawu, da ɗuminsa daga firinta.

"Shafi casa'in da huɗu," ya ce. "Wata bakwai muna naƙuda, yau an sauka. Duba min lambobin shafi kawai. Kar ka taɓa min lissafi."

Kashi Ɗari shi ne mai ƙididdiga na sashen bincike. Sunan ya bi shi ne domin ko gaishe shi ka yi, sai ya ce maka lafiyarsa kashi saba'in cikin ɗari. Akawu kuwa shi ke shigar da amsoshi cikin kwamfuta, shi ke riƙe da makullin durowar da ake ɓoye sunayen waɗanda aka yi hira da su. In hannu ya yi ƙaranci, shi ma yakan ɗauki rikoda ya fita.

Binciken na hukumar lafiya ne. Ƙananan cibiyoyi talatin da biyu, kowane wata suna kawo rahoton sun yi wa yara rigakafi kusan kaf, amma ƙyanda ba ta daina fitowa a unguwannin ba. Hukumar ta ce a gano dalili. Aka raba wa ma'aikata ɗari biyu da sha biyu takardar tambayoyi, aka zauna da ashirin daga cikinsu aka yi doguwar hira. Kowanne kafin ya buɗe baki sai an karanta masa takardar amincewa: ba za a sa sunanka ba, ba wanda zai gane kai ne.

Akawu yana juya shafuka yana lasar yatsa, har ya kai shafi na sittin da ɗaya. Nan ya tsaya.

An ware maganar a tsakiyar shafin, da baƙin rubutu.

"Firijinmu ya yi wata biyar bai yi sanyi ba. Kullum da safe incajin cibiyarmu yana cike takardar auna sanyi da digiri huɗu, ko buɗe firijin ba ya yi. Mu kuma muna ɗebo allurar muna yi wa yara. Da hannuna na yi."

A ƙarƙashinta, da ƙananan haruffa: Ungozoma, shekara 55 zuwa 59, sama da shekara talatin a aiki, shiyya ta uku.

Ya juya shafi. Jadawali na shida, wanda ya rarraba ma'aikatan bisa aiki da shekaru da shiyya. Ya ɗora yatsa a layin ungozoma, ya ja shi zuwa shiyya ta uku, ya sauko zuwa masu shekara hamsin da biyar. A cikin ɗan akwatin akwai lamba ɗaya tak.

1.

"Kashi Ɗari."

"Na'am."

"Zo ka gani. Mene ne wannan?"

Kashi Ɗari ya leƙo da kofin shayinsa a hannu.

"Ɗaya ce. Lamba ce, tana zuwa kafin biyu."

"Ungozoma nawa ce a shiyya ta uku mai wannan shekarun?"

"Ai ga shi jadawalin ya faɗa maka."

"To duk wanda ke da jerin ma'aikata, minti nawa zai ɗauka ya gano wace ce ta yi wannan maganar?"

Kashi Ɗari ya ajiye kofin a hankali.

"Ba suna a ciki," ya ce. "Takardar cewa ta yi ba za a sa suna ba. Ka nuna min suna."

"Takardar ta ce ba wanda zai gane."

"Wannan layi na biyu ne."

"Layi na biyun ma mun karanta musu. Kai ka koya min ƙa'idar biyar. Ka ce duk akwatin da mutanensa ba su kai biyar ba, a haɗe shi da na kusa, don kar a ƙirga mutum da yatsa. A allon can ka rubuta, har ka ja layi."

"Na haɗe. Wallahi na haɗe a farko. Shugabarmu Dakta ce ta dawo min da shi ta ce a rarraba." Ya sosa ƙeya. "Wai kai me ya tayar maka da hankali haka? Ka san matar ne?"

Akawu ya ɗauki daftarin ya miƙe.

Ya san ta. Mai amsa lamba arba'in da bakwai yayarsa ce, uwa ɗaya, uba kowa da nasa, shi ya sa ko a takarda sunayensu ba su haɗu ba. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kai shi makaranta da hannunta. Kuma shi ya zauna gabanta da rikoda, ya karanta mata alkawarin.

*

Ofishin Dakta, shugabar sashen, ɗan ƙarami ne, fayiloli sun cinye kujera ɗaya daga cikin biyun. Tana cikin rubutu ya shiga ba tare da ya jira izini ba.

"Ranki ya daɗe, shafi na sittin da ɗaya da na sittin da biyu."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, ta karɓa. Ta karanta maganar. Ta juya. Ya ga yatsanta ya bi hanyar da nasa ya bi, ya tsaya inda nasa ya tsaya.



"Kuskure ne," ta ce. "Nawa ne, ba na Kashi Ɗari ba. Zauna."

"Na fi son tsayuwa."

"Ka san dalilin da na sa shekarunta? Mutanen da ke zaman hukumar nan, in ka ce musu wani ma'aikaci ya ce, sai su ce sabon ɗauka ne mai jin haushin ogansa. In ka ce mai shekara talatin a aiki, sai su kife waya su saurara. Nauyin maganar nake nema. Ban koma na duba jadawalin ba."

"To a gyara. A cire shekarun, a cire shiyyar, a haɗe akwatin. Aikin minti goma ne, ni zan yi."

"Za a gyara."

Akawu ya ji numfashinsa ya sauko. Har ya miƙa hannu zai karɓi daftarin, sai ya ga ba ta sake shi ba.

"Wannan daftari na biyu ne," ta ce. "Na farkon ya fita tun ranar Alhamis."

"Ya fita ina?"

"Matakin tabbatarwa. Yana cikin tsarin binciken tun ranar da aka amince da shi. Kafin rahoto ya je gaban hukuma, sai waɗanda aka bincika sun gani, su ce ga inda muka yi musu kuskure."

"Su wa aka aika wa?"

"Incajin kowace cibiya."

"Duka talatin da biyun?"

"Duka."

Ya dafa bayan kujerar da fayiloli ke kai.

"Kwana biyar ke nan yana hannun incajin matar nan."

"Adalci ne, Akawu. Ba a rubuta magana a kan mutum a kai gaba bai gani ba."

"Shi an yi masa adalci. Ita fa, an aika mata nata ta gani?"

Dakta ta cire tabarau ta ajiye.

"Ba a aika mata ba."

"Me ya sa ban ga na farkon ba?"

"Ba ka cikin masu karanta daftari."

"Haka ne. Ni lambobin shafi ake ba ni."

"Kar ka yi min wannan yanzu. Zan kira shiyyar, zan rubuta cewa duk wanda ya taɓa mai amsa ya taɓa hukumar. Matar nan ba ita kaɗai ba ce, rahoton yana bayanta. Jibi zan tsaya gabansu in karanta maganarta da bakina, in ce a je a buɗe firijin."

Ya san nan ne wurin yin shiru. Da ya yi godiya ya fita, da ta yi duk abin da ta ce. Amma akwai irin nauyin da mutum ke ɗauka wata da watanni ba ya ji, sai ranar da aka tausaya masa ya kasa.

"Yayata ce," ya ce.

"Wa?"

"Lamba arba'in da bakwai."

Dakta ta dube shi kamar bai yi magana da harshen da ta sani ba. Sannan ta tashi ta rufe ƙofar da ya bari a buɗe, ta dawo ta zauna.

"Wa ya yi hirar?"

"Ni."

"Ba kai aka ba shiyya ta uku ba."

"Wadda aka ba ta kwanta rashin lafiya. Kika ce in ɗauki jerin. A mota na buɗe, na ga sunanta ya fito a cikin waɗanda kwamfuta ta zaɓa."

"Me ƙa'ida ta ce?"

"In ka san mai amsa, ka dawo da sunan a tura wani."

"Ka dawo da shi?"

"Na san halinta, Dakta. Baƙo zai zauna da ita awa guda, ta ce masa komai lafiya, ta raka shi bakin ƙofa. Na ga idonta ranar, na san akwai abin da ke cinta. Na ce in ba ni ba, ba wanda za ta faɗa wa."

"Kuma ta faɗa."

"Ta faɗa."

"Ina muryar?"

Ya sunkuyar da kai.

"An goge. Tsarin ya ce bayan an rubuta hira a takarda, a goge murya cikin kwana talatin, don kar wani ya ji ya gane mai magana."

"Wa ya goge?"

"Ni."

Ta yi wata 'yar dariya da ba daɗi a cikinta.

"Ƙa'idar da za ta cece mu ka karya, wadda za ta kashe mu ka bi ta daidai." Ta buga daftarin da bayan yatsu. "Hira ashirin muka yi. Sha tara sun yi ta kewaye-kewaye, wai wani lokaci wuta na ba da matsala. Ɗaya ce ta kira abin da sunansa. Wanda ya yi mata tambayar ƙaninta ne. Wanda ya rubuta amsar ƙaninta ne. Wanda ya goge muryar ƙaninta ne. In kai ne a kujerar hukuma, za ka yarda?"

"Gaskiya ta faɗa."

"Na yarda gaskiya ta faɗa. Bincike ba ya tsayawa a kan na yarda."

"To yanzu me za ki yi?"

"In na bi ƙa'ida, zan cire hirar, in rubuta dalili. Ina cirewa incajin zai ce kun gani, su da kansu sun janye. Yayarka ta rage ita kaɗai da shi a cibiyar, ba komai a bayanta. In kuma na bar ta, na sa hannu a kan abin da na san ya gurɓata. Ranar da aka gano, ba hirar kaɗai za a zubar ba, duk rahoton ne, da aikin mutum goma sha ɗaya."

"Ba wanda ya sani sai ke."

"Da ka bar ni ban sani ba."

"Ki yi kamar ban faɗa ba. Don Allah, Dakta. Ki kore ni bayan jibi, ba zan ce uffan ba. Amma kar ki cire ta."

Ta mayar da tabaranta, ta ja takardar da take rubutu a kai gabanta, amma ba ta ɗauki biro ba.

"Ka yi magana da ita tun Alhamis?"

"A'a."

"Jeka ka gan ta. Gobe da safe zan faɗa maka abin da na yanke. Kafin nan, kar wani mahaluƙi ya san abin da ke tsakaninku. In ya fita daga ɗakin nan, ba ni da sauran zaɓi."

*

Sau huɗu ya kira wayar Yaya a hanya, tana ringin har ta katse.

Ƙarfe ɗaya saura ya sauka a bakin cibiyar. Mata na zaune a bencin jira da jarirai a cinya, wata na fifita wa nata da katin asibiti. Ya nufi ɗakin haihuwa kai tsaye, inda ya saba samunta. Wata matashiya ce a ciki tana wanke almakashi.

"Tana teburin kati," ta ce, ba ta ko juyo ba.

Teburin kati yana bakin ƙofa ne, ya wuce shi bai lura ba. Can ya same ta, da farar rigarta a goge, tana buga hatimi a kan katuna. Matar da ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwar, an ajiye ta tana tambayar mutane sabo ne ko tsoho.

Ta ɗago ta gan shi. Fuskarta ba ta motsa ba.

"Sannu malam. Kati kake so?"

Ya fahimta. "Daga sashen bincike nake. 'Yar tambaya ce ta rage."

"Jira ni."

Ta sallami mata biyu, ta rufe akwatin hatimin, ta tashi. Ya bi ta a baya. Suna wucewa ta ƙofar ɗakin rigakafi ta ɗan rage tafiya don ya gani. Wani sabon firiji fari ƙal yana ta ƙugi a kusurwa, ko ledar hannunsa ba a gama cirewa ba. A jikinsa an manna sabuwar takardar auna sanyi.

Ta kai shi sito a bayan ginin, tsakanin kwalayen safar hannu da wani gadon ƙarfe da ya karye. Ta tura ƙofar.

"Ranar Asabar aka kawo shi," ta ce. "Tsohon an ɗora shi a mota, ban san inda aka kai shi ba. Kun yi ƙoƙari. Wata da watanni ina roƙo, takardarku ta yi a kwana biyu."

"Yaya."

"Ka ci abinci kuwa? Dubi wuyanka."

"Yaya, wallahi ban san za a sa haka ba. Yau na gani."

"Na san ba ka sani ba. Shi ya sa ban ɗauki wayarka ba. Na rasa abin da zan ce maka da ba zai yi maka ciwo ba." Ta zauna a gefen karyayyen gadon. "Ranar Juma'a incaji ya tara mu, ya karanta shafin da ƙarfi. Ya ce bari mu ga wace ce ungozoma mai shekara hamsin da biyar. Kowa ya juyo. Ni ma har na so in juya, sai na ga bango ne a bayana."

Akawu ya rufe ido.

"Yanzu sunana Jadawali. Mai shara ma da safe, ina kwana Jadawali."

"Me ya ce zai yi?"

Ta zaro takarda a ninke daga aljihun rigarta ta miƙa masa. Layi biyar ne, an buga da kwamfuta. Ni, mai suna a ƙasa, ban taɓa faɗin maganar da ke shafi na sittin da ɗaya ba. Jami'in da ya yi hira da ni ne ya ƙirƙira. Firijin cibiyarmu bai taɓa lalacewa ba. An bar wurin sa hannu.

"Ya ba ni zuwa ƙarfe biyu na yau," ta ce.

"In ba ki sa ba?"

"Rajistar rigakafi, kowane layi hannuna ne a kai. Ya ce in dai firijin ya lalace, to ni na san ya lalace na ci gaba da yi. Shi takardarsa ta nuna digiri huɗu, ba wanda ya faɗa masa komai. Zai kai ni gaban kwamitin ladabtarwa. Kora, da ƙwace lasisi."

"Ba kin rubuta masa ba? Kin ce min sau biyu kin rubuta."

"Na rubuta. A hannunsa na ba shi."

"Kin ajiye kwafi?"

"Ni na san ana ajiye kwafi? Kai ne mutumin takardu, ni jini na sani da mahaifa." Ta goge fuskarta da tafin hannu. "Wata goma sha huɗu ya rage in ajiye aiki, Auta. Shekara talatin da uku. Na so in fita a yi min 'yar walima a bencin can, a ce an gode. Yanzu a ƙarshe za a ce ni ce matar da ta yi wa 'ya'yan mutane allurar banza."

Ya duba agogon wayarsa. Ɗaya da minti ashirin da biyar.

"Ki sa hannu."

"Ka karanta layi na biyu?"

"Na karanta. Ki sa. Ba murya, an goge. Maganata ce da taki, in kin ce na ƙirƙira, na ƙirƙira. Ni yaro ne, zan sami wani aikin."

"Yaro mai furfura a gemu da 'ya'ya uku."

"Ni na jawo miki. Da na dawo da sunanki kamar yadda aka ce, da wani ya zo kin ce masa komai lafiya, da yanzu kina ɗakin haihuwa."

"Da yanzu tsohon firijin yana nan."



Ta miƙa hannu bayan kwalayen ta jawo wani littafin rubutu na 'yan makaranta, bangonsa ya yi laushi don juyawa. Ta buɗe a kan cinyarta. Sunaye ne da rubutun hannunta, layi bayan layi, da sunan uwa, da kwatancen gida, da kwanan wata.

"Tun wata na biyu na fara. In an tashi hutun rana sai in kwafa daga rajista. Duk yaron da na yi wa allura daga firijin nan yana ciki. Ɗari biyu da tamanin da uku."

Ya juya shafi. A gefen wasu sunayen an yi ɗan gicciye da jan biro.

"Waɗannan fa?"

"Sun dawo da ƙyanda. Tara."

Ɗaya daga ciki gicciyensa biyu ne. Ya ɗora yatsa a kai, bai iya tambaya ba.

"Ba ta tashi ba," Yaya ta ce. "Ni na karɓi haihuwarta. Uwar har yau in ta gan ni a hanya sai ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce mun yi iya ƙoƙarinmu, ai an yi mata rigakafin ma."

Ta bango suna jin kukan wani jariri da ake aunawa.

"Kana ganin don ba na tsoron kora ne na ƙi sa hannu tun Juma'a?" ta ce. "Ina tsoronta, ba zan ɓoye maka ba, ko abinci ba ya wuce min. Amma in na sa hannu, firijin bai taɓa lalacewa ba. In bai lalace ba, duk waɗannan an yi musu rigakafi. Ba wanda zai aika a sake kiransu. Iyayensu na riƙe da kati mai hatimina, suna barci da daɗi."

"In ba ki sa ba kuma su kore ki, littafin ya zama shaidar da za su rataye ki da ita. Da hannunki kika rubuta cewa kin sani tun wata na biyu."

"Na sani."

"To me kike so in yi?"

"Faɗa min gaskiya. Shugabarku za ta tsaya a kan maganata jibi?"

Ya kawar da ido zuwa kan kwalayen.

"Auta."

"Sai gobe za ta yanke."

"Me ya rage ta yanke? Ba ta yarda ba ne?"

"Ta yarda. Na faɗa mata ke wace ce a wurina."

Yaya ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Kai dai tun kana ƙarami haka kake. Ka fasa kofi ba wanda ya gani, sai ka ɗauko gutsattsarin ka kawo min."

Ta rufe littafin. Ta ɗauki takardar mai layi biyar ta shimfiɗa ta a kan bangonsa, ta shafa ninkin da hannu. Bai san ko sa hannu za ta yi ko yagawa ba, kuma ya gane ita ma ba ta sani ba. 

Ya durƙusa a gabanta. Ya riƙe gefen rigarta.

"Don girman Allah, Yaya. Ke kika goya ni, ke kika raine ni. Ba zan iya tsayawa in ga an fitar da ke daga nan da kunya saboda ni ba. Ki ɗora min. Yaran zan san yadda zan yi, zan bi gida gida da littafin nan in ya kama. Ki bar ƙaninki ya ɗauki wannan ɗaya."

"Rage murya."

Ta makara da faɗa.

Ƙofar siton ta buɗe a hankali. Incaji ne, da farar rigarsa a kafaɗa da biro a hannu. Ba su san tun yaushe yake tsaye a wurin ba. Ya dubi Akawu a durƙushe, ya dubi ungozomar, ya dubi littafin da ke cinyarta.

"Na gane ka," ya ce. "Kai ne mai rikoda. Har ruwa na sa aka kawo maka ranar."

Ya sake dubansu ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe 'yan gida ɗaya ne. Ikon Allah."

Ya shigo, ya mayar da ƙofar ya rufe da bayansa. Ya cire murfin biron ya ajiye shi a kan kwali, tsakaninsu.

"To magana ta zo da sauƙi. Hajiya, miƙo min littafin nan tukuna. Kai kuma malam, za ka rubuta a ƙasa cewa kai ka ƙirƙira. Sannan ku shawarta tsakaninku wanda zai fara sa hannu, yayar ko ƙanin."